Ranar da Kornél Ya Wanke Fumfunar Baba

Jama'a ku matso kusa, yau kam ba ni da bakin kare kaina. Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Hajnalka ki daina ɓoye saurayinki, ki kai shi gida kowa ya huta," to na kai shi. Sai ku gyara zama ku ji abin da shawararku ta jawo min.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: shekarata ashirin da tara, ni kaɗai iyayena suka haifa. Gidanmu yana Tarcal, a gindin dutse. A sama muna da ɗaki uku na saukar baƙin da ke zuwa hutu, a ƙasa kuma akwai kogon giyar inabi, wanda kakan kakan Baba ma gadonsa ya yi. A can ƙuryar kogon akwai kwalabe sittin da Baba ya jera a shekarar da aka haife ni, ya ce sai ranar bikina za a buɗe. Waɗannan kwalabe su ne suka hana ni shan ruwa a gidan nan.

Mamata, Jolán, ba ta iya miƙo min burodi ba tare da ta haɗa min da magana ba.

"'Yar maƙwabta ta haifi na biyu."

"Allah ya raya, Mama."

"Ke kuma giyar bikinki tana can tana tsufa. Ranar da za a buɗe ta, da sanda za a riƙo ni."

Sai Babana, Vilmos, ya ɗago daga bayan jarida ya ce, "Giyar nan ko shekara ɗari za ta yi, daɗi take ƙarawa. Ki ƙyale min yarinya."

Kada wannan ta ruɗe ku ku ce Baba ɗan goyon bayana ne. Ni dai zargina, ba ya son a buɗe masa kwalabe ne kawai. Samari biyu na taɓa kawowa gidan nan. Na farko ya shiga kogo yana ƙamshin turare, Baba ya ce zai kashe masa giya, ya rako shi har bakin titi. Na biyu, wani injiniya mai hankali da ladabi, ya nemi a ɗan ƙara masa lemon kwalba a cikin kofinsa don ya fi zaƙi. Ban san inda yake ba yanzu, na dai ji an ce ya koma Jamus.

Shi ya sa na yi shekara guda cur ina ɓoye Kornél.

Kornél likitan haƙori ne a Miskolc. Can na je a cire min wani haƙorin turmi da ya hana ni sakat, don haka cikin bakina ya fara gani kafin ya kalli fuskata da kyau, kuma duk da haka ya ce yana so. Ina son sa, wallahi ina son sa, har nakan zauna ni kaɗai in yi ta murmushi. Amma mutum ne da yake goge cokali da hankici a gidan abinci, yake yi wa safa guga, kuma giya ko a harshe ba ya ɗiga ta. Ku gaya min yadda zan kai wannan bawan Allah gaban Baba in ce ga miji na samo.

Sai na yi dabara, irin dabarar da in ta zo maka kake jin duk garin ba mai wayonka. Na ce ya kama ɗaki a gidanmu kamar kowane baƙo, kwana uku, ba ruwansa da ni. In Baba ya saba da shi ya ji ya kwanta masa, ranar Lahadi a kan teburin abinci sai mu fasa ƙwan.

Ranar Juma'a ya iso a jirgin ƙasan la'asar. Farar riga, farin wando, farin takalmi, da malafar kaba sabuwa fil. A garin da kowa farcensa baƙi ne saboda aikin gona! Na tsaya a bayan teburin karɓar baƙi na haɗe rai.

"Barka da zuwa. Suna?"

"Haba zuma..." Na watsa masa harara. Ya yi tari. "Zuma... ana sayar da zuma a garin nan?"

"Ana sayarwa," in ji Mama, wadda ta fito daga kicin kamar an jefo ta. Kallo ɗaya ta yi masa daga malafa zuwa takalmi, ta dawo ta tsaya a kan yatsunsa. "Ɗana, me kake yi a birni?"

"Likitan haƙori ne ni, Mama."

Ta ja ni bayan ƙofa, ta mintsine ni a damtse. "Likita ne, kuma ba zobe. Maza ki je ki cire wannan tsummar rigar, ki sa koriyar nan mai fure a wuya."

"Mama, baƙo ne fa. Ni bai ma yi min ba."

"Ke wa ya taɓa yi miki? Wuce!"

Ranar nan ta ciro zanen gadon da kakata ta yi wa ɗinkin hannu, wanda ko ni ba a bari in zauna a kai, ta shimfiɗa masa. Ta kai masa kwalbar jam ɗin da ta dafa da kanta, ta canja labulen ɗakin sau biyu. Na ce a raina, Mama kam an gama da ita, saura mai gayya.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya tara baƙi don shiga kogo, Kornél da wasu tsofaffi biyu mata da miji. Ya sa rigarsa mai aljihu da yawa, ya saɓa ɓarawo a kafaɗa. Haka muke kiran tulun gilashin nan mai dogon wuya da ake zuƙo giya da shi daga ganga. Tun da safe na ja wa Kornél kunne ta waya: ka shinshina, ka kurɓi kaɗan, ka lumshe ido, ka yi shiru. Aikin ke nan, ko jariri zai iya.

Baba ya tsiyaya masa kofin farko. Kornél ya kalle ni, ya kalli kofin, ya rufe ido ya shanye tas kamar maganin zazzaɓi.

"Af!" in ji Baba. "Likita ashe gwani ne." Ya ƙara masa.

A kofi na uku kunnuwansa suka yi jajir, ya fara yi wa ganga murmushi. Ya ce a yi masa uzuri zai ɗan sha iska, ya hau matakala yana dafa bango da gefen hannu don kada rigarsa ta taɓa.

To a nan ne ƙaddara ta shigo. Yana fita Baba ya soma bayanin fumfuna.

Duk wanda ya tashi a nan ya san fumfunar kogo ba datti ba ce. Baƙa ce, mai kauri da laushi kamar gashin tunkiya, ta lulluɓe bango da rufi gaba ɗaya. Tururin giya take ci, ita kuma tana gyara iskar kogon. Gidan da fumfunarsa ta fi kauri shi ne gidan da ake ɗaga wa hula. Baba kuwa har gaishe ta yake yi da safe, ni da nake 'yarsa wani lokacin sai na fara gaishe shi sau biyu. Minti ashirin ya yi yana wannan bayani, tsofaffin nan suna gyaɗa kai. Duk Kornél bai ji ko ɗaya ba, yana waje ya rungumi wata bishiya.

Ya dawo daidai lokacin da Baba ya dafa bangon ƙurya, idonsa ya ciko da ƙwalla, muryarsa tana rawa.

"Ku duba nan. Shekara ɗari uku. Shekara ɗari uku, ba a taɓa samun wanda ya sa mata hannu ba."

Na ga Kornél ya kalli bangon, ya kalli furfurar Baba, fuskarsa ta cika da tausayi. Na gani da idona, jama'a. Na ɗauka giya ce take aikinta.

Bayan abincin yamma ina wanke kwanuka, wayata tana cikin aljihun siket, na tura wa Kornél saƙo da jiƙaƙƙen yatsa.

Ni: Yaya ka ga Baba?

Kornél: Ya ba ni tausayi ƙwarai. Aiki ya yi masa yawa, ba mataimaki.

Ni: Yau ka ɗan kwafsa. Gobe ka yi abin da zai burge shi kafin abincin rana. Ba ya son mai surutu, mai aiki da hannu yake so.

Kornél: Na gane.

Ni: Ka tabbata?

Kornél: Na gane sarai. Bar min sauran, zumata.

Na tura masa hoton zuciya har uku. Ni da hannuna na tura.

Lahadi da safe muka yi shirin coci. Na sa koriyar rigar, da takalmi mai tsini wanda ke cije min ɗan yatsa, na ɗaure gashina da jan ƙyalle. Mama ta ɗora romon kaza a ƙaramar wuta, ta aika ni in tambayi likita ko zai bi mu. Ya leƙo ta ƙofa ya ce kansa yana ɗan sarawa. Har da kashe min ido ɗaya. Na ɗauka itace zai faskara wa Baba, ko ya share tsakar gida.

Muna tsakiyar wa'azi wayata ta yi motsi a jaka. Na saci kallo.

Kornél: Ina Mama take ajiye bokiti?

Bayan minti biyar: Na gani.

Bayan rabin awa: Abin ya fi yadda na zata kauri. Amma yana fita.

Na rubuta, mene ne yake fita? Sai ga hoto ya shigo, amma bangon cocinmu ya fi ƙarfin kowace waya, hoton ya tsaya yana ta juyawa. Mama ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ɗaga kai ina amsa waƙa da baki, idona yana kan jaka. Sai da aka tashi, na sa ƙafa a bakin ƙofa, hoton ya buɗe.

Kornél ne, da takunkumi a hanci, safar roba har gwiwar hannu, fitilar aikinsa a goshi, ya ɗaga babban yatsa. A bayansa bango ne fari ƙal.

Ban san lokacin da na cire takalma na riƙe a hannu ba. Na ji Mama tana cewa, "Ke lafiya?" Na ce romo ne zai ƙone, na zura da gudu. Na bi ta gaban kantin burodi, na tsallake karen mai gyaran ganga, matan layinmu suna ta leƙe ta taga. Duk a banza. Baba ba ya tsayawa gaishe-gaishe bayan coci, kuma yana da wata 'yar hanya ta cikin gonar inabi. Duk Lahadi shi yake fara isa gida ya sauka kogo ya zuƙo giyar abincin rana. Ina isa na tarar da ƙofar kogon a buɗe, hularsa ta coci a yashe a kan matakala.

Na sauka a hankali. Warin sabulu ne ya fara tarbata.

Baba yana zaune a kan wata 'yar ganga, hannuwansa a kan gwiwa, bakinsa a buɗe. Gabansa bangon ƙurya ne, an kankare shi tun daga ƙasa har inda hannun mutum zai kai, faɗinsa ya yi ƙofa biyu. Ga bokiti huɗu cike da baƙin ruwa. Kornél yana tsaye a gefe, farar rigarsa ta koma ta makanike, baki har kunne.

"Maigida, kada ka gode min," yake cewa. "Jiya na ji ka ce shekara ɗari uku ba a samu wanda ya sa hannu ba, abin ya tsaya min a rai. In ka ba ni mako guda, sauran ma duk zan gama maka."

Baba ya yi wani sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

"Likita," ya ce a hankali. "Yaƙi biyu aka yi a kan dutsen nan. Sojoji sun shiga kogon nan sun shanye giya, sun fasa ganguna, sun tafi da dokin kakana. Amma ko su ba su taɓa bangon nan ba."

Murmushin Kornél ya soma raguwa. Ya kalle ni. "Ba... ba datti ba ne?"

"Datti!" Baba ya miƙe tsaye. "Datti! Kai ne datti, da farin takalminka! Hajnalka, hau sama ki watso masa kayansa ta taga. Wane ɗan iskan ne ma ya ba shi ɗaki a gidana? Daga ina ya san mu? Wa ya turo shi? Maƙiyana ne, na sani, mutanen gangaren can ne suka yi hayarsa!"

Ya ɗauki ɓarawo ya ɗaga sama. Kornél ya sha jinin jikinsa, ya ja da baya har ya taka bokiti.

Zan gaya muku gaskiya tunda na saba. Na yi tunanin in yi shiru. In hau sama in watso kayan, in bar shi ya bi jirgin yamma, daga baya in ba shi haƙuri ta waya. Har na juya. Sai na ga hannuwansa. Safar ta yage, yatsunsa duk sun yi ja sun kumbura, yatsun da yake lallaɓawa kamar ƙwai saboda aikinsa. Awa biyu ya yi yana dirzar dutse don kawai tsohon nan ya so shi. Tausayinsa da son sa suka taru suka hana ni tafiya.

Na shiga tsakaninsu, takalma a hannu.

"Baba, ni na turo shi."

"Ke?"

"Shekararmu guda tare. Shi zan aura. Kuma ni na ce masa ya yi aikin da zai burge ka."

Baba ya kalle ni, ya kalli Kornél, ya kalli bokitan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan? Gara in aurar da ke ga gangar can, ita aƙalla ta san darajar giya. Muddin ina numfashi, ba za a buɗe kwalba ko ɗaya saboda wannan mai wankin ba. Fita!"

Hawaye suka zubo min. Shi kuwa Kornél, da yake Allah bai halicce shi da sanin lokacin yin shiru ba, sai ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta.

"Zan fita, Baba. Amma kafin in tafi, akwai rubutun tarihi da na samo a ƙarƙashinta. Na bi shi da buroshin haƙori don kada ya lalace. Ƙila gidan tarihi za su so su gani."

Ya kunna fitilar goshinsa, ya haska tsakiyar bangon.

Zanen zuciya ne, babba, an sassaƙa shi da ƙusa a jikin dutse, har da kibiya. Kornél ya wanke shi tsaf, kowane harafi yana ƙyalli. A ciki an rubuta VILMOS DA ARANKA, a ƙasa kuma 1993.

Na karanta sau biyu. Sunan Mama dai Jolán. Aranka ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, Inna Aranka ta Sárospatak, wadda in ta zo Kirsimeti ba a kwana biyu ba su yi faɗa a kan wa ya fi iya kek ba. Shekarar kuma ko a mafarki na san ta, tana rubuce a ƙasan hoton bikin iyayena da ke rataye a falo.

"Baba?" na ce.

Ɓarawon ya sauko a hankali. Fuskar Baba ta koma kalar bangon.

"Kafin baiko ne," ya ce da wata 'yar siririyar murya. "Da wata biyu. Ko ɗaya. Yarinta ce, rawa ɗaya muka yi a bikin girbi, ita Arankar ma ba ta san na rubuta ba." Ya share goshi. "Shekara goma sha biyar ina yayyafa wa wurin nan giya mai kyau da hannuna kafin fumfuna ta rufe shi. Goma sha biyar!"

Daga sama muka ji ƙarar murfin tukunya, sai muryar Mama.

"Vilmos! Giyar nan daga Budapest za a kawo ta? Romo yana hucewa!"

Sai muka ji takunta a matakalar farko.

Ban taɓa sanin Baba yana da sauri haka ba. Ya cafki Kornél a kafaɗa, ya manna bayansa a kan zuciyar, ya buɗe masa hannuwa ya baza su, ya fizge fitilar goshin ya cusa a aljihu.

"Likita, kana son 'yata?"

"Ƙwarai, Baba."

"To kada ka motsa daga nan. Ko kogon nan zai rushe, kada ka motsa. In ka rufa min asiri na ba ka ita, har da kwalaben."

"Amma Baba, ni ban iya ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi magana? Tsayuwa kawai!"

Mama ta ƙaraso, ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, ludayi a hannu. Ta shaƙi warin sabulu ta yamutsa fuska. Ta kalli bokitai, ta kalli ƙafafuna ba takalmi, ta kalli likita a baje a jikin bango. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, Baba ya riga ta da wata murya mai ƙarfi har kogon ya amsa.

"Jolán, albishirinki! Likita ya nemi auren Hajnalka, kuma na ba shi!"

Ludayin ya faɗi ƙasa. Mama ta dafe ƙirji da hannu biyu, ta kalli sama tana godiya ga Allah, hawaye shar-shar. Shekara tara take jiran wannan magana. Ni ma sai na ji wani daɗi ya rufe ni, har na manta halin da muke ciki.

Sannan ta share ido da ƙyallen girkin, ta tsaya a tsakiyar kogo, taku biyar daga inda Kornél yake, ta buɗe hannuwanta duka biyu.

"Zo nan, ɗana. Zo in rungume ka."

Kornél ya kalli Baba. Baba ya girgiza kai a hankali, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Kornél ya kalle ni.

"To zo mana," in ji Mama, murmushinta ya fara ɗan sauka. "Ko an manna ka da bangon ne?"